Zan tafi aikin Hajji da ƙarfen gyaran haƙori a bakina, wane shiri zan yi?

"Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciya ce a nan Gombe, shekarata 29. Wata takwas ke nan da aka sa mini ƙarfen gyaran haƙori sama da ƙasa, kuma duk bayan sati shida nake zuwa Bauchi a ɗaure mini waya. To ga shi Allah ya nufa bana zan sauke farali, ni da ƙanwata. Ita nata ba ƙarfe ba ne, irin robar nan ce garai-garai da ake cirewa a mayar. An ce za mu kai kwana 40 a can. Tsorona kada wani abu ya ɓalle a Mina ko Arfa in rasa yadda zan yi. Wata ƙawata ta ce in je a cire kawai sai na dawo, wata kuma ta ce na'urar filin jirgi za ta yi ta ƙara a kaina. Don Allah wane shiri ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari in fara kiran ki da sunan tun yanzu, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. In na fahimce ki, abu uku ne suka cuɗe a tambayar: ko aikin da aka yi wata takwas ana yi zai lalace in kika daɗe ba ki ga likita ba, yadda za ki yi in wani abu ya ɓalle a inda ba likitanki, sai kuma abin da za ku ɗauka ke da ƙanwarki. Ban ga bakinki ba, kuma wanda ke ɗaure miki waya ya fi ni sanin inda aikinki ya kai. Duk inda maganarsa ta saɓa da tawa, tasa za ki bi.

Maganar a cire ƙarfen kam, a'a. Ki gode wa ƙawarki, amma kada ki biye mata. Cirewa aiki ne mai zaman kansa: a ɓamɓare maɓallan nan da ke manne a haƙora suna riƙe waya ɗaya bayan ɗaya, a kankare gam ɗin da ke jikin kowane haƙori, a auna miki abin riƙe haƙora na wucin gadi, in kin dawo a sake manna sababbi, ki sake biyan kuɗi. In kuwa aka cire ba a sa abin riƙewa ba, haƙoran za su kama hanyar komawa gidansu na jiya, domin ƙashin da ke kewaye da su bai gama ƙwari a sabon mazauninsu ba.

Dalilin ya danganci yadda haƙori ke tafiya. Haƙori ba kafe yake a muƙamuƙi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashi akwai wasu siraran jijiyoyi da suka rataye shi. In aka matsa masa a hankali ba ƙaƙƙautawa, ƙashin da ke gefen da ake tura shi yakan narke kaɗan-kaɗan, ta baya kuma jiki na gina sabo. Tafiyar ba ta cika wuce milimita ɗaya a wata ba. Wayar da muke fara aiki da ita haɗin nikel da titaniyam ce, kuma halinta shi ne duk yadda aka lanƙwasa ta sai ta nemi komawa siffarta ta asali. Wannan neman komawar shi ne ke jan haƙoran, ko likita na kusa ko yana Bauchi kina Makka. Takan yi sati takwas har goma tana aikinta. Ki lissafa ma: sati shidan da kika saba yi tsakanin zuwa da zuwa kwana 42 ne, ya ma fi kwana 40 ɗin da aka faɗa muku. In aka haɗa da zaman sansanin alhazai da jiran jirgin dawowa, a ce sati takwas. Abin da za ki yi asara bai wuce a ƙara miki 'yan makonni a ƙarshen aikin ba.

Abin da ba ya jira shi ne tsafta, kuma nan ne nake ganin ɓarna ga waɗanda suka dawo daga doguwar tafiya. Zan dawo kansa.

Na'urar filin jirgi kuwa, ki kwantar da hankalinki. Ƙarfen da ke bakinki duka bai kai nauyin awarwaro ɗaya ba, ba kasafai na'urar ke kula shi ba, a filin jirgin Gombe da ke Lawanti ne ko Jidda ko Madina. In ta yi ƙara, ki fara duba sarƙa da fil ɗin hijabi.

Shirin yana farawa ne a kujerar likita

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zo mini ana jibi tafiya ya ce, "Likita, a ɗaure sosai tunda zan daɗe." Wannan shi ne neman wahala da kuɗinka. Ke ma kin san yadda abin yake: bayan an ɗaure da 'yan awoyi haƙora su fara tsami, washegari abin ya kai maƙura, ko burodi ba ya taunuwa, sai a hankali ya lafa cikin kwana uku zuwa bakwai. Ba kya son waɗannan kwanakin su same ki a cikin jirgi ko a layin shige da fice. Sannan in akwai maɓallin da bai kama da kyau ba, ko bakin waya da ya yi tsini, a kwanakin farko yake nuna kansa. Don haka ki je da saura kwana 10 zuwa 14, yadda in wani abu ya taso kina da damar sake hawa mota ki koma Bauchi a gyara.

Na san matsalar a nan. Maniyyaci ba ya sanin ranar tashinsa sai ta matso, wani lokaci da dare za a kira a ce gobe a hallara a sansani. Saboda haka kada ki jira sai an kafe sunaye. Da zarar an sanar da ranar fara jigila, ki kira likitanki ki gaya masa, ya matso miki da ranar zuwa.

In kin je, ki faɗa masa gaskiyar tsawon tafiyar, ki ce wata biyu, kada ki ce kwana 40. Ni in mai tafiya irin wannan ya zo mini, ba na fara sabon abu mai ƙarfi a bakinsa. Ba na sa sabuwar waya mai kauri, ba na fara jan da ke buƙatar in duba bayan sati uku. Nakan bi maɓallan ɗaya-ɗaya in girgiza in ga ko akwai mai motsi, in datse bakin waya ta can bayan turame ko in lanƙwasa shi ciki. Inda nake tsoron 'yar robar da ke riƙe waya za ta sulluɓe, sai in ɗaure da siririn ƙarfe. Akwai tambaya ɗaya da nake so ki yi masa da bakinki: "Ana rufe mini giɓi ne yanzu?" In an cire miki haƙori ana jan sauran su cike gurbin, to duk yadda giɓin ke rufewa haka rarar waya ke fitowa ta baya, kuma ita ce ke sukar kumatu a sati na huɗu ko na biyar. In kin san da zuwanta ba za ki firgita ba.

A wannan zuwan kuma a wanke miki haƙora, a duba ko akwai kogo. Haƙori mai kogo ko tsohon ciko da ya fara zubewa yakan tashi da ciwo in jirgi ya yi sama, saboda sauyin matsin iska, kuma tafiyar ta awoyi ce. Ki roƙi 'yar takarda da Turanci mai bayanin irin aikin da ake miki da girman wayar da ke bakinki, ki ɗauki hoton takardar a wayar salula. Ki karɓi lambar da za ki iya tura masa hoto ta WhatsApp. Rabin matsalolin da ake turo mini daga nesa da hoto ɗaya da saƙon murya ake kashe su.

'Yar jakar baki

Ki samu 'yar jaka mai zif wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba, kuma ta zauna a jakar hannunki, kada ta shiga babbar jaka. Babbar jaka takan yi kwanaki ba ta iso masauki ba, kuma ranar 8 ga Zulhajji in za a fita Mina a Makka za ki bar ta, ba za ku sake haɗuwa ba sai bayan kwana huɗu ko biyar.

A ciki, abu na farko kakin nan ne da likita ke bayarwa na rufe ƙarfe. Ki ɗauki kwali uku ko huɗu, ki raba su wuri daban-daban, don yana narkewa a zafi kuma yana ɓata. Sai buroshi mai laushi guda biyu, da 'yan ƙananan buroshin nan masu kama da reshen bishiya da ke shiga ƙarƙashin waya, da zaren sakace, da man goge baki mai fuloraid. Ki duba jikin kwalin, ki ga an rubuta adadin fuloraid tsakanin 1350 da 1500. In kina sa robobin da ke haɗa sama da ƙasa, ki ɗauki ninkin abin da kike tsammanin za ki buƙata, don ba kowane kemis ke sayar da su ba kuma girmansu iri-iri ne. Ki ƙara da ɗan madubi, da auduga mai tsinke, da gishiri a ƙulle, da man leɓe marar ƙamshi, da farasitamol. Duk abin ruwa ko mai da zai shiga jakar hannu kada ya wuce mililita 100. Matsefata da abin yanke farce kuwa su bi babbar jaka a jirgi, in kun sauka ki dawo da su ƙaramar.

Kan magani, farasitamol ya ishe ki tsamin haƙori. Ibufurofen ba na so a daɗe ana sha a wurin da jiki ke rasa ruwa, balle mai olsa. Kada ki kuskura ki ɗauki taramadol ko wani abu mai kodin da sunan maganin haƙori, dokar Saudiyya a kan wannan ba ta da wasa. Kowane magani ya tafi a cikin kwalinsa na asali.

Guzuri, dabino da ruwa

Yanzu ga inda na ce zan dawo. Dauɗar da ke taruwa a gefen maɓalli, in ta samu sukari, takan fitar da tsamin da ke cinye farfajiyar haƙori. Alamar farko wani farin tabo ne kamar alli a kewayen maɓallin, kuma wata guda ya ishe shi ya bayyana. Mai shi ba ya gani sai ranar da aka cire ƙarfen, a ga haƙora sun miƙe sambal amma kowanne da zanen murabba'i a fuskarsa. Maɓallin da ya ɓalle minti goma ne in mayar da shi. Wannan tabon kuwa yakan daɗe, wani ma sai an yi ciko.

Hajji ya tara duk abubuwan da ke kawo shi. Ga gajiya, mutum ya dawo daga Harami ƙafa ta yi nauyi ya faɗi sai barci. Ga sabil, wato sadakar ci da sha da ake raba wa alhazai, a kowace kusurwa, lemon kwali, biskit, dabino, ba kya ce a'a. Ga kuma bushewar baki. A Hajjin 2024 zafin Makka ya kai digiri 51.8, kuma ko a shekarar da bai kai haka ba, jiki na rasa ruwa. In jiki ya rasa ruwa yawu ya ragu, shi kuwa yawu shi ne ke wanke tsamin nan, shi ne kuma ke sa leɓe ya zame a kan ƙarfe ba tare da ya ƙuje ba. Na san mata da yawa kan rage shan ruwa a Mina don tsoron layin banɗaki. Kada ki yi. Ki sha, ki bi layin.

Dabino ba zan hana ki ba, wa zai je Madina bai ci ajwa ba? Amma ki ɓare shi da hannu ki cire ƙwallon tukuna, ki yanyanka, ki tauna da turame, ki bi da ruwa ki kurkure sosai. Ki ci rabonki a zama ɗaya, ya fi a wuni ana jefa ɗaya-ɗaya, domin yawan lokutan da sukari ke taɓa haƙori ya fi yawan sukarin illa. Kaza ki zare tsokar da hannu, ƙashi ba naki ba ne. Tuffa a yanka. Ƙanƙara kuma, duk yadda zafi ya kai, a tsotsa, kada a tauna.

Guzurinmu na gida shi ne abin dubawa. Kilishi ya fi komai ɓalle maɓalli, don da haƙoran gaba ake fizgarsa. In ba ki iya haƙura, a daka miki shi ya yi laushi kafin tafiya. Dambun nama ba ya karya komai amma yana naɗewa a waya kamar zare, sai kin bi shi da ƙaramin buroshi. Ƙuli-ƙuli sai dai garinsa. Aya, soyayyiyar gyaɗa, kantu da alewa mai danƙo ki bar wa abokan ɗaki. Garin kunu kuwa ki ɗauka da yawa, shi zai cece ki duk ranar da baki ya yi tsami. Goro dama ba maganarsa, Saudiyya ta hana shiga da shi, kuma hukumar alhazai na nanata wannan kowace shekara.

Ba zan ce miki ki goge baki bayan kowace loma a Mina ba, na san ba zai yiwu ba. Abin da nake gaya wa mutanena shi ne su ɗaura shi a kan salla. Bayan Asuba da bayan Isha'i, buroshi da mai, minti biyu zuwa uku, a karkata buroshin a bi saman maɓalli ta wajen dasashi, a bi ƙasansa, sannan ƙaramin buroshi ya shiga tsakani. Bayan kin goge ki tofar kawai, kada ki kurkure man ya tafi. Sauran lokutan, kurkurar bakin alwala ki yi ta da ƙarfi, ruwan ya ratsa tsakanin waya. Ba sai kin shiga banɗaki ba, gorar ruwa ɗaya a wajen famfunan alwala ta wadatar. Daren Muzdalifa in kurkura kaɗai kika samu, ba komai, dare ɗaya ne.

Aswaki kuma za ki gan shi ko'ina a bakin Harami, ɗanye mai kyau. Ki yi amfani da shi, amma kada ki tauna kansa da haƙoranki don ya buɗe kamar yadda aka saba. Ki fere da wuƙa, ki jiƙa a ruwa, ki daddanna shi ya yi laushi, sannan ki bi gefen dasashi a hankali, kada ki zura shi ƙarƙashin waya ki banƙara. Shi ƙari ne a kan buroshi. Hukuncin man goge baki mai ƙamshin na'ana'a ga wadda ke cikin harama kuwa, wannan fagen malamai ne, ki tambaya a wajen bita. In aka ce ki guje shi, buroshi da ruwa zalla na cire dauɗa, domin gogawar ce ke yin yawancin aikin.

Ita kuma ƙanwarki

Nata ya fi sauƙi ta wani gefen, ba abin da zai soke ta. Amma ya fi naki saurin lalacewa, domin naki a manne yake, nata kuwa sai ta ga dama. Robar nan, ko Invisalign ce ko wata irinta, tana buƙatar awa 20 zuwa 22 a baki kullum, ana sauya sabuwa duk sati ɗaya ko biyu yadda likita ya tsara. Ta karɓi duk waɗanda za su kai ta wata biyu, ta haɗa da wadda ta cire ta baya, duka a jakar hannu. Ba a sayen madadinsu a kanti, don kowace an ƙera ta ne daidai da bakinta.

Abokan gabarta biyu ne, zafi da tishu. Robar da zafi aka siffanta ta, zafi kuma ke sauya mata siffa. Kada ta bar ta a jakar da rana ke duka, ko a gaban gilashin mota, kada ta wanke da ruwan zafi, kada ta sha shayi da ita a baki. Ruwa zalla kaɗai ake sha da ita, zamzam ya shiga ciki. Lemo ko zoɓo in suka shiga ƙarƙashinta sai su kwanta a kan haƙori awa da awanni, yawu bai isa wurin ba.

Tishu kuwa, akwai wani matashi da nake dubawa, ya taso daga Gombe zai zo wurina, suka tsaya cin abinci a Alƙaleri. Ya zare robar ya naɗe a tishu ya ajiye gefen faranti. Direba ya yi hon, ya tashi da sauri, mai kwashe kwanuka ta haɗa da ita. Sai da suka kusa shiga Bauchi ya taɓa baki ya tuna. A ɗakin mata huɗu ko biyar, ko a tantin Mina da ake kwana kafaɗa da kafaɗa, wata baiwar Allah mai son tsafta za ta share shi da kyakkyawar niyya. Dokar ɗaya ce: in ba ta baki, tana cikin akwatinta. Ta ɗauki akwati biyu, masu launi mai ɗaukar ido, ɗaya a 'yar jakar wuya.

In duk da haka ta ɓata, kada ta zauna baki ba komai. In ta riga ta cinye yawancin kwanakin waccan, ta gwada ta gaba. In ta shiga ta zauna, ko da ɗan matsi, ta ci gaba. In ta ƙi shiga, ta koma ta baya ta riƙe mata wuri, ta tura wa likita saƙo. Shawarata kuma kada ta sauya sabuwa a kwanakin Mina da Arfa. Ta ƙara wa tsohuwar kwana biyar ba ya cutar da komai, sabuwa kuwa takan zo da tsami da ɗan sauyin lafazi, ga shi lokacin addu'a da karatu ne. Ta riƙa sauyawa da dare kafin barci. 'Yan ƙullutun da aka manna mata a haƙora in ɗaya ya faɗi, ta ci gaba da sawa. Ta wanke hannu kafin ta zura shi a baki, don tarin nan da alhazai ke dawowa da shi ta hannu ma yana bi.

In wani abu ya ɓalle

Kusan duk abin da ƙarfen haƙori zai yi miki a tafiya damuwa ce, ba haɗari ba, kuma kaki ne maganin yawancinsu. Sai dai da yawa ba su iya sa shi ba, su ce ba ya kamawa. Ba ya kama jiƙaƙƙen wuri ne. Ki wanke hannu, ki ɗaga leɓe, ki tsane maɓallin da auduga har ya bushe. Ki gutsuri kaki kamar ƙwayar wake, ki murza tsakanin yatsu ya yi laushi, ki danna a kan ƙarfen ki riƙe ɗan lokaci. In kika haɗiye shi ba komai. In ya ƙare, cingam marar sukari zai tsaya miki na ɗan lokaci. Inda ya riga ya ƙuje, rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ki kurkure sau uku ko huɗu a rana.

Maɓallin da ya saki haƙori yawanci yana nan rataye a waya yana juyawa. Ki mayar da shi tsakiyar haƙorin ki rufe da kaki. In ya fita gaba ɗaya ki adana a takarda. In a kansa kike maƙala roba, ki dakata da robar har ki ji daga likita. Kada a sa masa supa gulu, na taɓa ganin wanda ya yi, cire shi ya fi ɓallewar wahala.

Wayar da ke suka ta baya, ki fara gwada tura ta da auduga mai tsinke ta kwanta jikin haƙori. In zamewa ta yi daga ɗan bututun da ke manne a jikin turmi, ƙanwarki ta haska miki fitilar waya ta mayar da ita da matsefata. In duk sun ƙi kuma kaki ya kasa, sai a yanke. A wanke abin yanke farce da sabulu a goge da sifirit, a sa tishu a naɗe a bayan wurin don guntun kada ya faɗa maƙogwaro, a datse dab da maɓallin ƙarshe da ke manne. Siririyar waya ce ke yankuwa haka. Mai kauri kada ku yi kokawa da ita, a nemi asibiti.

Waɗanda ba a jira da su kaɗan ne. Kumburin fuska ko muƙamuƙi, musamman da zazzaɓi ko wahalar haɗiya ko kasa buɗe baki. Ciwon haƙori mai bugawa da ke hana barci kuma farasitamol bai taɓa shi. Wani abu ya faɗa maƙogwaro sai tari ya sarƙe ko numfashi ya yi wuya. Ko kuma bugu a baki, wanda a turmutsitsin ɗawafi da jifa gwiwar hannun wani kan iya yi. In haƙori ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, a ɗauraye, a mayar da shi raminsa in zai yiwu, ko a jefa shi cikin madara, a kai ga likita cikin awa guda. Tawagar likitocin Najeriya na da ɗakunan shan magani a Makka da Madina, ki san inda na kusa da masaukinku yake tun ranar da kuka sauka. Lambar motar asibiti a Saudiyya 997 ce, ta ma'aikatar lafiya kuma 937.

Haƙorin Makka

Ba ki tambaya ba, amma na san za a kawo miki maganar, wataƙila ma a ɗakinku. Kada ke ko ƙanwarki ku sa haƙorin Makka a wannan tafiyar. Don a sa miki, sai an ɓalle maɓallin wannan haƙorin, sau da yawa a goge gefensa da abin gurza don hular zinaren ta shiga, kuma abin da aka gurje ba ya tsirowa. Yawancin masu sawar ba a asibiti suke ba, kayan aikin daga wannan baki zuwa wancan, ta nan kuwa ciwon hanta ke yaɗuwa. Ƙanwarki nata ya fi muni. Wata Hajiya ta dawo mini da haƙorinta na zinare tana murmushi, da ledar robobi goma sha wani abu, ba ko ɗaya da ke shiga bakinta, domin an ƙera su ne a kan haƙorin da babu hula. Dole aka cire hular, aka sake awo, aka jira sababbi. In kuna so, ku bari a gama aikin, a cire ƙarfe, sannan a yi muku shi a asibiti a kan haƙoran da suka daidaita.

Ranar da za ku shiga sansani, kowaccenku ta ɗauki hoton bakinta ta gaba da gefe biyu, ƙanwarki ta rubuta lambar robar da take kai. In kun dawo, na san gida zai cika da 'yan sannu da zuwa har sati biyu, amma ki zame musu rana ɗaya cikin satin farko ki je Bauchi, ko da ba abin da ke miki ciwo. Ki tafi da duk maɓallin da kika adana a takarda, ki nuna wa likita hotunan.